Yatsun da Soda Ta Cinye

Yau shekara guda da rasuwar tsohuwar da ta koya mini haɗa sabulu a Manshiya. Soda ta cinye zanen yatsunta har sun yi sumul, idonta na hagu kuwa fari fat.

Ranar farko na ɗaga ruwa zan kwara kan soda, ta cafke wuyan hannuna. "Ɗiyata, soda ake zuba wa ruwa. In kika zuba mata ruwa, tashi take, ido take nema."

Ɗazu da hantsi, ni kaɗai a tsakar gida, hankalina ya tafi, na sake ɗaga bokitin. Sai yatsu masu santsi, masu sanyi, suka riƙe ni daidai wuyan hannun nan.

Na ajiye ruwan. Inna, Allah ya haskaka kabarinki yadda kika tsare mini idanu.