Telan Da Ya Miƙe Iyaka

Tun yana yaron shago, Tela ba ya iya ganin karkataccen ɗinki ya yi shiru. Ko a jikin baƙo ya gani, sai ya ce, "Wa ya yi maka wannan ta'asa?" Da wannan hali ya yi suna, da shi kuma ya tsufa.

Iyakar ƙasa ta bayan layinsu ta bi. Ta miƙe sambal, sai a ƙarshe ta lanƙwasa kamar aljihu, ta kewayo gidan yayarsa ta bar shi a ɓangarensu. Ranar da ya ga lanƙwasar a taswirar waya, irin wadda kowa ke iya gyarawa, ransa ya ɓaci. "Aikin ɗan koyo!" in ji shi. Ya sa yatsa ya miƙe ta.

Da masu shimfiɗa bututun ruwa suka zo, taswirar suka bi. Suka ja wa kowa ruwa, suka tsaya a ƙofar maƙwabcin yayarsa, wai gidan gaba na wata ƙasa ne. Tela ya yi maza ya mayar da lanƙwasar, amma an riga an rufe rami, ma'aikata sun tafi.

Yanzu kullum da safe Yaya kan biyo ta shagonsa da jarka a ka, ga ciwon gwiwa. Takan sauke ta huta a bencinsa.

"Auta, wanda ya fitar da ni daga ƙasata ina zaman zamana, Allah ya isa tsakanina da shi."

Tela yakan duƙufa a kan keken ɗinki, kamar zare ne ya tsinke.

"Ban ji ka ce amin ba."

"Amin, Yaya."