Layi Uku da fayil ashirin da biyun da suka rage

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa ofis, kafin mai shara ta gama goge ƙasa. Ya rataye jakarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya goge tabarau da gefen riga, ya kunna kwamfuta, ya sa ta gina manhajarmu gaba ɗaya tun daga tushe. Kafin mu iso ya riga ya san ɓarnar da muka yi jiya. Shekara ashirin da shida yana haka, goma sha ɗaya daga ciki ina teburin da ke jikin nasa. Maƙwabciya yake kirana, mu kuma muna ce masa Layi Uku, har wani sabon manaja ya taɓa rubuta masa takarda da wannan suna, yana zaton na yanka ne.

Ga inda sunan ya samo asali. Kamfaninmu yana rubuta manhajar na'urorin gwajin jini na ƙananan asibitoci. Manhajar a kan wani tsohon laburare take zaune, wato tarin fayilolin da wasu suka rubuta tun da daɗewa, kowa yana ɗiba. A cikinsu akwai fayilolin kai, masu gabatar da sunayen abubuwa. Wannan ya kira wancan, wancan ya kira wani, sai ka ga an shigo da fayil ɗaya sau biyu. Nan take gini ya tsaya, allo ya cika da jan rubutu, wai an riga an faɗi wannan suna. Maganin layi uku ne kacal. Biyu a sama suna cewa, in ba a shigo da ni ba, a shigo da ni a sa alama, ɗaya a ƙasa yana rufewa. Gadi muke ce masa, kuma kowane gadi da sunansa, ba a haɗa fayil biyu a suna ɗaya.

Aiki ne da babu mai so, don babu wanda ake yaba wa a kansa. Mun sha tsokanarsa. Wata rana babban injiniyanmu ya ce, “Wai Malam, digiri biyu, a kan layi uku za ka ƙare?”

Bai ko ɗago ba ya ce, “Ƙofa ma ƙarama ce a jikin gida. Cire taka ka kwanta mu gani.”

Babban injiniyan da kansa yake ba da labarin shekarar da gini ya ƙi tashi kwana huɗu, ana jiran gyaran wata na'ura da ke ba da sakamako ba daidai ba. Asibitoci suna bugo waya, mu goma sha biyu muna tuhumar juna, kowa yana tone aikin ɗan'uwansa. Shi kuwa ya gangara can ƙasan laburaren, inda ba wanda ya leƙa, ya tarar da wani fayil da ba a taɓa sa masa gadi ba. Ya sa, gini ya tashi. A taron da aka yi bayan nan an ambaci sunan kowa ban da nasa, ni ma ina wurin ban ce komai ba, kuma har yau abin yana damuna.

Malam, kai ne ka ce ba za ka jira irin wannan gobara ta sake tashi ba. Ka ƙirga fayilolin kai na laburaren nan, ɗari huɗu da goma sha biyu, ka ɗauki alkawarin duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ka yi ritaya. Babu wanda ya sa ka, babu kuma wanda zai tambaye ka in ka bari.

A shekara ta biyu da fara wannan aiki ne likita ya ce masa yana da hawan jinin ido. Bai faɗa wa kowa ba, amma maƙwabci ba ya rasa gani. Na ga rubutun allonsa yana ƙara girma wata bayan wata, har layi ɗaya ya daina shiga allon. Na ga yana laluben kofinsa da bayan hannu. Daga baya 'yarsa ce take kawo shi a mota, ta raka shi har bakin matakala, shi kuma yana ta faɗa, “Ke dai koma, ai ni na san adadinsu.” Yana gama fayil sai ya ce da ni, “Maƙwabciya, saura nawa?” Na faɗa masa, ya ce, “Allah ya ara mini idon.”

Saura ashirin da biyu, ranar wata Talata, gini ya rushe. Wannan karon kukan dabam ne, cewa yake bai san wasu sunaye ba sam, alhali fayil ɗinsu yana nan muna kallonsa. Kwana biyu muna nema. Ni na gano. Fayil biyu ne suka zo da gadi mai suna ɗaya, don haka da aka shigo da na farko, sai aka ɗauka na biyun ma ya shigo, aka tsallake shi. An kwafi layukan daga wannan zuwa wancan, ba a canza sunan ba. Na duba wanda ya yi, sai na ga sunan Malam.

Na ce a raina a bar kaza cikin gashinta. Na gyara, na fara rubutawa a rajistar canje-canje cewa ni na yi kuskuren. Sai na ji ya ce, “An samu?”

“An samu, Malam. Ɗan shirme ne nawa.”

“A wane fayil?”

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye. “Ba ki taɓa shiga can ba, Maƙwabciya. Karanta mini sunayen gadin biyu.”

Na karanta. Ya ce, “Wallahi na duba. Sau uku na duba.” Da ya natsa sai ya ce, “Goge naki, sa nawa. Gobe wani zai zo neman inda aka yi tuntuɓe, kada ki aika shi hanyar da ba ita ba. Jinin mutane ake gwadawa da wannan abu.”

Da hannunsa ya rubuta: kuskurena ne, idona bai gani ba. Washegari ya kai takardar ajiye aiki, saura wata bakwai lokacinsa ya cika. Manaja ya roƙe shi, mu ma muka roƙe shi, ya ce wanda ba ya ganin ƙofa ba ya gadi.

Malam, mun gode. Mun gode da shekarun da muka yi ta gini a kan aikinka ba mu waiwayo ba, ka yafe mana. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, in kun tarar da ƙaramin aikin da kowa ke ƙetarewa, ku tsaya ku yi shi da kyau. In kun ɓata, ku sa sunanku, ko da ranar ce ta fi kowace ciwo.

Ashirin da biyun nan mun raba su a tsakaninmu, babban injiniya ya ɗauki bakwai. Makon jiya na je gidansa da hantsi in gaya masa. Matarsa ta shigar da ni falo tana cewa, “Baban yara, ga 'yar ofishinku.” Ya ce in karanta masa sunayen gadin duka, kada in yi sauri. Na karanta, yana bi da yatsa a kan gwiwarsa, har na kai na ƙarshe.

“Kun gina?”

“Mun gina, Malam.”

“Me allon ya ce?”

“Bai ce komai ba.”

“Alhamdulillahi,” in ji shi. “Haka ake so.”

Ya juyo da fuskarsa ya yi murmushi mai yawa, ga kujerar da ke gefena, wadda babu kowa a kanta. Na tashi a hankali na koma can na zauna.