Dattijon da Ya Amsa Tayi

A tashar motar Gwarzo akwai wani siririn dattijo da ba ya barin kowa ya wuce sai sun yi musabaha. Wani direba ma har sau biyu suka yi. Tabon ɗinki ya ratsa tafin hannun dattijon na dama.

"Likita ya ce wani zare ne a ƙarƙashin fata ya yi kauri kamar igiya, ya ƙudundune min yatsu biyu," yake gaya wa 'yan kamasho. "Ya tsaga ya cire shi. Amma masanan ƙauyenmu tuni suka yanke cewa kuturta ce."

Daga yadda yake kallon kwanon dambun da suka kewaye, ka san an daɗe ana zuba masa nasa daban. Mutane dai ba su da kirki.

"Bismilla, Baba," in ji direban, irin tayin nan na fatar baki.

Dattijo kuwa ya wanke hannu, ya tsuguna, ya ware yatsu biyar ya ɗebo. Yana tauna yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya janye hannunsa.

"A hankali dai, Baba," in ji direban. "Wannan likita ai mu ya cuta."