Kujera Ɗaya a Ɗakin Amarya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu dangi sai an tuna mini. Amma abin da ya faru tsakanina da jikata a shekarun da na zauna a Alƙahira, wannan ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina.

Rasuwar maigidana ce ta kai ni Masar. Ɗana yana can yana karatun addini, ya yi aure, ya kama gida a unguwar Madinat Nasr, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a Kano ba. Na tafi da jikata, marainiyar da 'yata ta bar mini tun ba ta iya tafiya ba. Ranar da ciwo ya yi wa uwarta tsanani ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, in ta isa aure ki yi mata ɗaki." Na ce na ɗauka. A wurinmu kuwa ɗakin amarya shi ne mutuncinta. Gado da labule, kwanuka jere har sama, duk wanda ya shiga ya san yarinyar nan tana da mutane a bayanta.

Kwanci tashi yarinya ta girma a Alƙahira, Larabci a bakinta kamar a can aka haife ta. Sai ga wani yaro ɗan Damagaram, abokin karatun ɗana a da, wanda ya bar Masar ya tafi ƙasar Danmak, wani birni da ake ce wa Kopanhegan, yana aiki a wani babban otal. Ya zo hutu ya gan ta, ta gan shi, suka so juna. Aka ɗaura aure a Alƙahira. Da na tayar da maganar jere, ya yi dariya ya ce, "Kaka, jirgin sama ba ya ɗaukar gado. Komai akwai a can." Ɗana ya goya masa baya. Haka ya tafi da ita ba jere, zuciyata kuwa ba ta kwanta ba.

Shekarun nan ne na bayan hargitsin da aka yi a Masar, lokacin da ake yawan ɗauke wuta. Ga zafi, ga gumi, in an ɗauke sai mu kunna kyandir mu zauna muna fifita. A cikin wannan hali ne ɗana ya shigo wata rana da kwamfutarsa yana murmushi, ya ce amarya ta aiko hotuna.

Na gyara zama na duba. Bango fari fat, babu ko hoton Ka'aba. Ƙasa katako tsirara, babu kafet, babu ko leda. Gado ɗaya da farin zane mara ado. Kujera guda ɗaya ta katako, mazauninta saƙar igiya, irin wadda mai gadi ke zama a kai. A bakin taga kyandir yana ci. Jikata kuwa tana zaune a gefen gadon, hannuwanta a cinya.

Na ce, "Ina sauran kayan?"

Ya ce, "Inna, ɗakin ke nan. A otal ɗin da yake aiki ne. Sun ba su ɗaki mafi daraja su zauna kafin a gama gyaran gidan da suka kama. Tsohon gini ne mai tarihi, tun kafin a haifi kakan kakanki yake tsaye."

Na ce, "Kango ke nan."

"Ba kango ba ne, Inna."

"Kyandir ɗin fa? Su ma ana ɗauke musu wuta?"

"Ado ne a wurinsu."

Na ce, "Ado. Mu da muke kunna shi a nan muna jiƙewa da gumi, ado muke yi?"

Ya yi ta bayani, ni kuwa ba na jin sa. Fuskar yarinyar nake kallo. Ni na goya ta, na san dariyarta ta gaske, na san wadda ake yi don mai ɗaukar hoto. Da ta kira ni a waya na tambaye ta, ta ce, "Lafiya lau nake, Kaka," da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba. Shi ke nan na yanke hukunci. Na ce wa ɗana, "Ka gaya masa ya dawo mini da ita. Ban ba shi marainiya don ya kai ta ɗakin da ko tabarma babu ba." Ɗana ya san ni. Ya san in na faɗi magana irin wannan ba wasa nake ba, kuma ya san yarinyar ba za ta taɓa saɓa mini ba. In na nace, auren zai mutu. Angon ya yi ta kira, na ƙi karɓa.

Ina da maƙwabciya Bahaushiya 'yar Sudan, mace mai zafin nama, a hawan da ke ƙasa da namu take. Na kai mata labari, ta dafa ƙirji ta ce, "Ya Hajja, kujera ɗaya? In baƙi suka zo a kan wa za su zauna? Yalla, tashi mu tafi kasuwa." Muka hau ƙaramar bas, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a kasuwar Ataba. Na cire awarwaron zinaren da maigidana ya saya mini a Makka na sayar. Har yau ina jin sanyin da hannuna ya yi da ya rabu da su. Muka sayi jan kafet mai furanni, labule mai geza, tangaran mai bakin zinare, tukwane manya da ƙanana, agogon bango, har da furen roba. Maƙwabciyata tana ciniki da Larabawa kamar za a yi dambe, su suna rantsuwa, ita tana rantsuwa, a ƙarshe a yi dariya a kawo mana shayi. Muka cika falon ɗana da kaya, surukata sai tsallake su take yi tana haƙuri. Niyyata ɗaya ce: ko kayan su je su same ta, ko ita ta dawo ta same su.

Ana nan, wata Juma'a bayan la'asar, ɗana ya ajiye kwamfuta a gabana. Sai ga fuskar angon a ciki, yana sanye da baƙar kwat ta aiki. Na juya kai.

Ya ce, "Kaka, ina wuni. Ko a gaban alƙali ana barin wanda ake ƙara ya yi magana."

Na ce, "Ba ruwana da kai."

Ya ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri. Kada ki ce komai, ki raka ni kawai."

Ya ɗauke ni a hannunsa, haka zan ce, ya fara yawo da ni. Ya fita ƙofar otal ɗin, ga wani dattijon Bature da doguwar hula yana buɗe wa mutane ƙofa yana rusunawa. Ga ruwa a tsakiyar gari da jiragen ruwa a kansa, gidaje masu launi ja da rawaya sun yi layi, mutane manya da furfura suna wucewa a kan kekuna. Ya koma ciki, ya nuna mini matakala ta farin dutse, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda ƙafafun da suka bi ta kai tun zamanin da. Ya ce sarakuna sun taka ta, kuma ba a yarda a sake ta ba. Ya shiga ɗakin cin abinci. Ga wutar lantarki tana ci a sama, ga kyandir a kan kowane tebur. Na ga wannan da idona, na yi gyaran murya.

Da ya iso ɗakinsu ya ɗauki kujerar nan ya kife ta, ya matso da ita kusa. Ya ce, "Duba, Kaka, babu ƙusa ko ɗaya. Da hannu aka sassaƙa ta, da hannu aka saƙa igiyar. Ta girmi kawu, ɗanki. Aikina ke nan a gidan nan, in kula da irin waɗannan, a shafe su da mai, a gyara saƙar in ta saki. Mutanen ƙasar nan in suna da abu ɗaya mai kyau, sai su bar masa fili don ido ya gan shi. Masu kuɗin duniya suna tasowa daga nesa don su kwana a ɗakin nan."

Na ƙura wa hannun kujerar ido. Ya yi santsi, ya yi duhu, irin duhun itacen da hannuwa suka daɗe suna shafawa. Sai akushin mahaifiyata ya faɗo mini a rai. Lokacin da kwanukan langa suka shigo gari kowa ya jefa akushinsa bayan ɗaki, ita kuwa ta ƙi. Takan shafe shi da man shanu ta ajiye shi shi kaɗai a kan faifai, ba ta ɗora komai a kansa. Na gane abin da yaron yake nufi. Amma ban zo don kujera ba.

Na ce, "Na ga kujera. Ba ni jikata, kai kuma ka fita."

Ya fita. Na kori ɗana shi ma. Ta zauna a gabana, ta yi ƙiba kaɗan, fatarta ta yi kyau.

Na ce, "Yana ba ki abinci?"

"Har ya yi yawa, Kaka."

"Yana yi miki tsawa?"

"Wallahi bai taɓa ɗaga mini murya ba."

"To me ya cinye miki fuska?"

Ta sunkuyar da kai. A daidai wannan lokaci mai sayar da gas ya shigo layinmu da kekensa, yana buga tukunyar da ƙarfe kamar yadda yake yi kullum, ƙarar da take hana ni barcin rana har ina yi masa faɗa ta taga. Sai na ga yarinya ta ɗago da sauri.

Ta ce, "Kaka, mai gas ne?"

Na ce, "Shi ne, mara mutuncin."

Ta ce, "Don Allah matsar da ni kusa da taga."

Na ɗauki kwamfutar da hannu biyu, ina tsoron kada ta faɗi, na ɗora ta a bakin taga. Direbobin bas suna ta danna oda, wata Balarabiya tana ƙwala wa ɗanta kira daga hawa na sama, yara suna ƙwallo a kan titi. Jikata ta saurara, ta saurara, sai hawaye. Ta ce, "Kaka, nan shiru ne. Tagar gilashi biyu gare ta, ko tsuntsu ba na ji. Mutane a hankali suke magana kamar ana zaman makoki. Babu kiran salla, sai dai in duba agogo. Rana ba ta faɗuwa sai dare ya yi nisa. In ya tafi aiki sai in zauna ina jin numfashina."

Na ce, "In dawo da ke?"

Ta goge ido ta ce, "A'a, Kaka. Ina son mijina, kuma yana sona. Kada ki raba mu. Hayaniyarku nake kewa."

Muka zauna haka, ni a nan ita a can, har aka kira magariba. Masallatan unguwar suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wannan bai gama ba wancan ya fara. Na ga leɓenta yana motsi tana amsawa.

Bayan salla na sa aka kira angon. Na ce, "Khalas, na janye maganata."

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara girma, Kaka. Sai dai kawu ya ce an buɗe kasuwa a falonsa."

Na ce, "Kafet ɗin za ka karɓa, ko kana so ko ba ka so."

Ya ce, "Na karɓa. Furen robar ne dai nake roƙon afuwa."

Kafet da tangaran suka bi wani matafiyi zuwa can. Sauran kayan, maƙwabciyata ta nuna mini wata yarinya cikin 'yan Sudan da za a aurar, iyayenta ba su da hali, muka je muka jera mata ɗaki har mata suna guɗa. Awarwarona ba su dawo ba, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar surukata takan buɗe kwamfutar ta ajiye a tagar kicin. Ba hira muke yi ba sosai. Mu muna daka, muna soya albasa, ina yi wa yara faɗa, ita tana can tana aikinta tana jin mu. Wani lokaci sai ta sa baki daga can ta ce miyar ta ƙone, ta ji a ƙarar tukunya. In an ɗauke wuta ta ɓace, in an kawo ta dawo. Haka muka yi har ta saba da garin, ta samu ƙawaye, ta haifi 'yarta ta fari, gidanta ya samu hayaniyar kansa.

Yanzu ina Kano, ɗana ya gama karatu mun dawo. Maƙwabciyata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Wasu ranaku da yamma nakan zauna in ji kamar zan jiyo odar motocin Madinat Nasr, in ga tagar kicin ɗin nan da hasken la'asar a kanta.

Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, idon mai ƙauna yakan ga cewa nasa yana cikin damuwa, amma ba lallai ya ga mene ne damuwar ba. Na kusa kashe auren marainiyata da hannuna saboda so. Don haka duk wanda ka ga yana cikin rashi, kafin ka yanke hukunci ko ka ɗauko masa abin da kake zato, ka zauna ka tambaye shi, ka kuma yi shiru har ya gama faɗa.