Tukunyar Bilqis a Bakin Gada

Duk Bahaushiyar da ta haihu a Doha ta san tukunyar Hajiya Bilqis Ayuba. Ƙatuwar tukunyar dalma ce, gindinta baƙi ƙirin, wadda ta taho da ita daga Gumel lokacin da mijinta Ghali ya samu aikin injiniya a kamfanin gas. Ita kuma ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa. Da rana tana cikin fararen kaya tana bin ƙa'idar likitoci sau da ƙafa. Tana tashi daga aiki sai ta sa tukunyar a bayan mota, ta tsinko ganyen darbejiya a bakin gidansu na Al Muntazah, ta nufi inda maijego take, ko Al Thumama ne ko can Lusail. Ta dafa ruwa, ta yi wa yarinya wanka, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kanta sai ta shanye. Matan likitoci da 'yan digiri na uku duk sun sha faɗanta, kuma duk suna sonta kamar me.

Sai dai macen nan mai rungumar 'ya'yan kowa, tata 'yar fari ko sunanta ba ta faɗa. Haka ta taso ta gani a gidansu: ɗan fari ana jin kunyarsa, ba a kiran sunansa, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. Firdaus ta girma a matsayin "ke" da "yarinyar nan". Ta yi karatu, ta auri Muhsin, suka tare a Abu Dhabi, har yau uwar ba ta sauya ba.

Ranar da aka bugo cewa Firdaus ta sauka, an samu ɗa namiji, Bilqis ta ce, "To, madalla, Allah ya raya," ta kashe waya. Daga nan ta shige banɗaki ta kunna famfo, ta yi kukan murna son ranta. A gida Nijeriya da gwaggo ko inna ce za ta je zaman jego. A nan kuwa babu gwaggo, babu inna, surukar Firdaus ma bizarta ba ta fito ba. Yarinyar ba ta roƙi uwarta ta zo ba, don ta san halinta, ta riga ta haƙura za ta yi jegonta ita kaɗai. Wannan haƙurin ne ya hana Bilqis sukuni. Ta yi wa 'ya'yan mutane wanka a Doha tas, a ce tata ta rasa mai dafa mata ruwa? Ta ƙudura za ta je, amma bakinta ba zai iya furta "ina nan tafe" ba. Don haka ba ta gaya wa kowa a can ba.

Ghali yana wurin aiki a teku, ta waya ya ce ta hau jirgi mana. Ta ce tukunyar fa? Ya ce a Abu Dhabi ba a sayar da tukunya ne? Ta ce ana sayarwa, amma ba wannan ba. Ya san an gama magana. Ta nemi biza, ta nemi hutu, ta samu abokiyar tafiya, Ikhlas, wata ɗalibar jami'a da ta taɓa yi wa jegon tagwaye.

Abu ɗaya ne ya dame ta. A titunan Doha mutum ba ya biyan kuɗin wucewa, amma ta ji an ce a can akwai ƙofofi a kan hanya, ba mutum a wurin, na'ura ce ke cire kuɗi. Ta tambayi maƙwabcinsu Sagiru, wanda ya taɓa zama a Dubai, wanda kuma bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa. Ya taimaka mata aka samo 'yar sitika, ya manna mata a gilashin gaba da hannunsa, ya daddanna da babban yatsa.

"Khalas, shi ke nan, Hajiya," ya ce. "Da Dubai da Abu Dhabi ƙasa ɗaya ce ai. Wannan ko ina kika nuna ta, wucewa kawai."

Da safe suka ɗauki titin Salwa. Tukunya a baya cike da gero da kanwa da citta da kanumfari, yaji a cikin robobi, busasshiyar darbejiya a buhu. A kan iyaka jami'in kwastan ya buɗe murfin, ya leƙa, ya dubi Bilqis, ya tambaya ko biki za ta dafa wa. Ta ce masa da Larabcinta na asibiti, jika aka yi mata. Ya yi mata barka, ya rufe da kansa. Suka ratsa ta Saudiyya, rairayi hagu da dama, Ikhlas tana ɓare gyaɗa tana miƙa mata, Bilqis tana ba ta tarihin duk jariran Doha da wanda ya fi kowa kuka. Ba ta taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba.

Sun kusa birnin Abu Dhabi, la'asar ta yi, suka tsaya sallah a wani gidan mai. A nan ne Ikhlas, da shegen bincikenta na 'yan jami'a, ta tsaya latsa waya, sai ta ɗago.

"Anti, akwai matsala fa. Sitikar nan ta Dubai ce kawai. Nan Abu Dhabi tsarinsu daban, ba ruwansu da sitika. Camera ce a kan gada take ɗaukar lambar mota, sai an yi register tukuna."

"Ba ƙasa ɗaya ba ce?"

"Ƙasa ɗaya, hukuma biyu. Wannan ba ta san waccan ba."

Bilqis ta dubi sitikar, ta ambaci Sagiru da wasu kalmomi da ba sai an maimaita ba. Suka gwada yin rajistar a waya, ana ta tambayarsu abubuwan da ba su gane kansu ba. Gidan Firdaus kuwa yana cikin tsibiri, ba yadda za a yi sai an hau gada.

"Anti, yalla mu wuce kawai," Ikhlas ta ce. "Ba shinge, ba ɗan sanda. In mun isa a gyara."

"Ni? In shiga garin mutane ba sallama? Su ɗauki hotona a matsayin wadda ta ci haƙƙin hanya, ina zuwa ganin jikana? Allah ya kiyaye."

"To ki kira su."

Nan fa ake yin ta. Lambar Muhsin tana wayarta, amma wace suruka ce za ta buga wa surukinta tana neman taimako? Ta miƙa wa Ikhlas wayar. Ikhlas ta naɗe hannu tana dariya, ta ce ita 'yar rakiya ce, ba a ɗauke ta aikin magana ba. Bilqis ta zagaya motar, ta gyara murfin tukunyar da ba abin da ya same shi, ta dawo. Daga ƙarshe ta danna lambar da ta ajiye da sunan "Yarinya".

"Umma? Ina wuni."

"Lafiya. Ke, wannan gadar taku, yaya ake biyanta?"

"Wace gada, Umma?"

"Gada nawa gare ku? Ga mu nan a gidan mai, an ce sitikar ba ta aiki."

Ihun da ya fito daga wayar sai da Bilqis ta janye ta daga kunne. Tana jin yarinyar tana kiran mijinta, tana dariya, tana kuka, jariri ya farka shi ma ya sa baki. Muhsin ya karɓa, ya gaishe ta a ladabce, ya ce su turo inda suke, kada su motsa, shi zai zo ya daidaita maganar rajista.

Ba a jima ba motarsa ta shigo gidan man. Ya fito ya durƙusa har ƙasa a gaban famfon mai, Bilqis ta kau da kai tana amsawa. Sai ƙofar baya ta buɗe. Maijego ce ta fito, ko sati ba ta yi da haihuwa ba, ƙafa ba safa, ɗan mayafi shara-shara, jariri a ƙirji, iska tana kaɗa ta.

"Firdausi!" Bilqis ta daka tsawa, har masu shan mai suka waiwayo. "Kin haukace ne? Ɗanyen jego a cikin iska? Koma mota!"

Firdaus ba ta koma ba. Ta tsaya cak, bakinta a buɗe, hawaye na zuba, tana murmushi.

"Umma, sake faɗa."

"In sake faɗin me? Na ce ki koma mota."

Amma Bilqis ta riga ta isa gare ta. Ta ware nata babban mayafin ta lulluɓe uwa da ɗa gaba ɗaya, ta riƙe su gam, tana ta faɗa a kan safa. Ikhlas ta juya baya wai tana duba taya. Muhsin ya duƙufa a kan wayarsa yana shigar da lambar mota, ya yi kamar bai ji komai ba. A ƙarƙashin mayafin, inda ba mai gani, Bilqis ta sa bakinta a kunnen 'yarta ta sake faɗin sunan a hankali.