Ranar da Gogen Kakana Ya Sauko da Amarya

Jiya da la'asar maƙwabcina, wani mutumin kudu mai gyaran rediyo a nan Bagudo, yana koyon kaɗa jita. Sai ya taɓa wata tsirkiya da ta janye kiɗan daga mazauninsa, ta kai shi wani wuri ta zaunar kamar can ne gida. Na ajiye tsintsiya.

Mai karatu, na san wannan sautin tun ina yarinya. Kakana mai goge ne, kuma da wannan sautin ya ceci auren baffana.

Bayan girbin shinkafa ne, ruwan kogin Kwara ya fara ja da baya. Baffana ya samo wata kyakkyawar Badendiya, 'yar ƙabilar Dendawa, daga ƙetaren iyaka, wadda son ta ya hana shi cin tuwo damina guda. A al'adarmu amarya ba ta taka ƙasa sai an goga mata taken gidan miji. Su kuma a tasu, taken gidan ubanta ne ke sauko da ita. Babu wanda ya tuna ya yi wannan maganar sai da kwale-kwale ya iso mashaya.

Kakana ya fara namu. Gwaggon amarya ta miƙe cikin jirgi.

"Tsoho, mi kake goga muna? Ɗiyarmu ba marainiya ba ta. Mai jirgi, juya!"

Mazanmu suka taso. Ɗan uwan kakana ya ce, "In kas sake takenmu, kada ka kwana gidanga."

Mai jirgi ya kafa gora, kwale-kwale ya fara ja baya. Baffana ya shiga ruwa har gwiwa da sabuwar rigarsa. Ina jin warin laka da na ƙaron da kakana ke shafa wa izgar gogensa, na riƙe gefen rigar tsohon gam.

Kakana bai daina ba. Yana cikin takenmu sai ya matsa yatsa ɗaya sama kaɗan, wani sauti mai kaifi ya fito, wanda ba na gidanmu ba. Sautin ya yi ta ja, kamar mai roƙon a buɗe masa ƙofa, har kiɗan ya gangara ya zauna daidai inda taken Dendawa ke zama. Gwaggon ta ɗaga hannu, mai jirgi ya tsaya. Mazanmu suka murtuke fuska. Kakana ya daɗe a can, ya daɗe har na rufe ido, ina jiran a fizge gogen a fasa.

Da na buɗe, amarya ta riga ta sa ƙafa ɗaya a ruwa. Sannan ne ya juyo da kiɗan sannu a hankali, ya sauke shi a takenmu daidai lokacin da ta taka tudu. Kowane ɓangare ya rantse nasa ne ya sauko da ita.

Yanzu a mota ake kawo amare, lasifika na ta ihu, ba mai tambayar taken kowa. Amaryar nan ta tsufa a gidanmu, da jikokinta. In tana tsince shinkafa takan rera kiɗan ranar a hankali, ta fara da namu, ta ratsa nasu, ta dawo. Amma tun da baffana ya rasu, na lura tana ƙara daɗewa a can kafin ta dawo.