Kajin Yaya Suka Kai Ni Lyon

Muna idar da sallar asuba muka bar Bobigny da ke gefen Paris, ni da wani maƙwabcina da ya san hanya. Dalilin tafiyar kaji ne. Yayata da ke Tasawa tana kiwon kajin ƙwai, da su take riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta. Surukinta ya tura mata wata murya a waya, wai masanan Faransa sun gano kaza da kanta take ƙera sinadarin ɓawon ƙwai a cikinta, don haka zuba garin ƙashi a abincin kaji ɓarna ce. Ta daina zubawa. Daga baya ta kira ni ta ce, "Kai da ke Faransa, je ka tambayo su." A ganin mutanen gida, Faransa zaure ɗaya ce, ka yi sallama a fito.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Amma ɗiyar wani aminina tana karatun sinadarai a Lyon, kuma ba na son yin tambaya mai nauyi ta waya.

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai mu gar, wato tashar jirgin ƙasa. Wanda ya sayi tike ranar tafiya shi ke shan tsada, maƙwabcina ya yi ta mita har muka bar Paris. Jirgin yana gudu ba girgiza. Gonaki ne shimfiɗe, da fararen shanu marasa tozo. Shayin cikin jirgi kuwa ruwan zafi ne mai launi.

A Guillotière, wata unguwa a Lyon, muka ci shinkafa da kifi wurin ƴan Senegal, muka sayi dabino don kada mu je hannu sake. Daga nan metro, sannan bas zuwa Vaulx-en-Velin, inda ɗiyar aminin nawa take zaune.

Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo mu, yarinyar ta ce, "Baba, kaji ne suka taso ku tun daga Paris?" Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce ta faɗa mini daki-daki.

Da farko, in ji ta, sama da shekara ɗari biyu da suka wuce wani masani ya tsare kaza, ya ba ta hatsi zalla. Da ya auna, sai ya ga sinadarin da ta fitar a ɓawon ƙwai da kashi ya fi wanda ta ci. Bayansa wasu suka ce tsiro ma yana yin haka. A ƙarnin da ya wuce wani Bafaranshe ya sake tayar da zancen, ya ce kaza tana juya wani sinadari ya koma wani. Masana ba su karɓa ba, don irin wannan juyi sai ƙarfi irin na cikin rana.

"Da kaza na yin haka, Baba, da ta ƙone akurki."

Maƙwabcina ya ce, "Da mun huta da gashi."

Na ce to, daga ina ƙarin yake fitowa? Ta ce daga ƙashin kazar. In ba ta samu a abinci ba, jikinta take ci ta yi ɓawo.

Nan take na kira Yaya. Ta ce ƙwan ya fara zuwa da laushi, kaji biyu ma sun kasa tsayawa, ta ɗauka ciwo ne.

"Ba ciwo ba ne, Yaya. Ƙashinsu suke ba ki. Ki mayar da garin yau, kada ki jira gobe."

Ta ce, "To surukin nawa fa?"

"Ki ce masa Faransa ta amsa."

Washegari da hantsi muka kamo hanyar Paris. Da aka kwana biyu Yaya ta sanar da ni ƙwai ya koma daidai. Kaza ɗaya ta miƙe, ɗayar sai yankawa aka yi.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, in ka ga mai rai yana ba da fiye da abin da ake ba shi, daga jikinsa yake cirowa. Na faɗa wa Yaya haka. Ta ce ita ta daɗe da sani, kajin ne kawai ba ta yi wa zato ba.